Yadda ake ɗaukar hoton fanorama a cikin kango da filashar da ba ta kan kyamara

Duk wanda ya taɓa shiga wani tsohon kamfani a Sharada ko Bompai ko Challawa, irin masaƙun nan da suka tsaya da aiki tun shekarun 1990 zuwa 2000, ko tsofaffin sito-siton gyaɗa na wajen layin dogo, ko ma tsohon gidan ƙasa a cikin badala da magada suka watse suka bar shi, ya san abun da nake nufi idan na ce hoto ɗaya ba ya ɗaukar wurin. Ka tsaya a tsakiya ka ga faɗi, ka ga tsayi, ka ɗaga kyamara ka danna sai ta baka wani ɗan yanki, rabi baƙi ƙirin rabi kuma fari fat saboda hasken da ke shigowa ta inda kwano ya yaye. Maganin faɗin shi ne fanorama, wato ka ɗauki hotuna da yawa kana juyawa sannan ka ɗinke su a kwamfuta su zama ɗaya. Maganin duhun kuma filasha, amma ba a kan kyamara ba, a gefe. Haɗa biyun nan shi ne inda mutane suke rikicewa, kuma gaskiya duk sirrin abu ɗaya ne: kyamara ce take juyawa, haske ba ya motsi ko kaɗan. Kamar fitilar ƙwai ce da aka ajiye a zaure, kai ne kake waiwaye hagu da dama, ita tana nan inda aka ajiye ta.

Dalilin kuwa a fili yake. Idan filasha tana kan kyamara, duk juyawar da ka yi hasken ya bi ka, inuwar ginshiƙi a hoto na ɗaya ta faɗa dama, a na biyu ta faɗa hagu, tsakiyar kowane hoto ya yi haske gefensa ya yi duhu, in ka zo ɗinki sai ka ga bango ya fito zane-zane, babu manhajar da za ta gyara maka wannan da kyau. Kuma hasken gaba da gaba yana kashe bango, ya mayar da shi shafaffe.

Kafin ka ɗauki jaka, izini

Dan Allah kar ka tsallake wannan. A Kano babu kangon da ba shi da mai shi, ko ka ga ciyawa ta cinye shi akwai maigadi ko magada ko banki ko shari'a a kai. In kamfani ne ka je da rana tsaka ba tare da kaya ba, ka yi sallama da maigadi, Baba sannu da aiki, ka gaisa sosai kafin ka faɗi abun da ya kawo ka, ka nuna masa irin hotunan da kake ɗauka a waya, in ya ce sai an tambayi mai wuri toh ka karɓi hanyar da za a tambaya ka jira. In cikin gari ne ka fara da mai unguwa, ranka ya daɗe ga abun da nake son yi, shi zai haɗa ka da masu gida kuma sau da yawa ya haɗa ka da yaro ɗan unguwa da zai raka ka, wannan yaron ya fi maka kowane irin kayan aiki amfani. Ka tuna fa filasha walƙiya take yi, mutanen unguwa su ga haske yana walƙawa a cikin kangon da aka san ba kowa, nan da nan 'yan sintiri za su iso, gara sun san da zuwanka tun farko.

Kar ka je kai kaɗai, ku zama biyu ko uku. Wasu kangwayen mafakar 'yan shaye-shaye ne, in ka leƙa ka ga alamar ana kwana ko ana zama a wurin ka juya kawai. Takalmi sau ciki mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da fasassun kwalabe, tocila, takunkumi saboda kashin jemage da ƙurar tsohon silin, da yawan tsofaffin kamfanonin nan rufin asbestos ne da su kuma ƙurarsa tana illata huhu, kar ka fasa kar ka taka shi. Sanda a hannu kana bubbuga gabanka saboda maciji da kunama, ka kuma duba sama saboda rina da zuma. A gidan ƙasa abun da ya fi ban tsoro shi ne tsohuwar rijiya ko masai da ƙasa ta rufe bakinsu, ka tambayi masu gida inda suke kafin ka taka ko'ina. Kuma da damina, musamman Agusta da Satumba, kar ka shiga ginin ƙasa da aka daina yi wa yaɓe, ya sha ruwa, azara ta ruɓe, ba ya sallama kafin ya zubo.

Kayan da za ka ɗauka

Kowace kyamara da take da M a kan dayal ɗinta, wato inda kake saita komai da hannunka, ta isa, ko tsohuwar Canon ko Nikon ta 'yan biki da lens ɗin 18-55 da ta zo da shi. Sitan mai ƙafa uku na kyamara, mai nauyi wanda ba ya rawa. Filasha ko da ɗaya ce wadda ake iya saita ƙarfinta da hannu, irin Godox TT600 ko Yongnuo, in kana da Godox AD200 mai ƙarin ƙarfi ma ya fi don babban wuri. Tiriga da ake ɗorawa a kan kyamara tana tada filashar daga nesa, ka tabbatar ta irin kyamararka ce kuma suna kan chanel ɗaya da filashar. Sitan na filasha, lema fara ta tausasa hasken filasha in kana da ita, batir masu caji aƙalla saiti biyu ka cika su tun dare in an kawo wuta, alli, da zare mai ɗan nauyi a ƙasa, zan zo kan amfaninsa.

Lokaci kuma, ni na fi son bayan la'asar ko da sassafe, lokacin rana ta kwanta tana shigowa ta taga a karkace. Tsakar rana hasken da ke faɗowa ta ramukan kwano ya yi ƙarfi da yawa. Ka lissafa yadda za ku fito kafin magariba. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske kuma yana da kyau sosai, sai dai ƙura, kar ka canza lens a cikin kango, ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga gida. A Maris da Afrilu kuma da zafi yake haura digiri 40 filasha tana saurin ɗaukar zafi ta tsaya da kanta, wannan ma wani dalili ne da ba za ka sa ta a cikakken ƙarfi ba.

Mataki na farko: wurin tsayawa da saita kyamara

Ka zagaya wurin tukuna ba tare da ka buɗe jaka ba, a hankali, kar ku tada ƙura don filasha tana haska duk ƙwayar ƙurar da ke iska. Ka nemi inda in ka juya kai daga hagu zuwa dama akwai abun kallo a farko da tsakiya da ƙarshe, misali ƙofa a hagu, layin ginshiƙai ko tsohon inji a tsakiya, taga a dama. Tsakiyar ɗaki cif ba kasafai yake kyau ba, ɗan matsawa gefe ya fi.

Kafa sitan, ka daidaita shi ya miƙe sosai da ɗan ruwan awo da ke jikinsa ko na cikin kyamara, ka juya kan sitan ɗin zagaye ɗaya kana kallo ko awon yana canzawa. In bai daidaita ba hoton zai fito yana gangara, ka yanke sama ka yanke ƙasa ka rasa rabin aikinka. Sannan ka juya kyamarar a tsaye, ba a kwance ba, don ka samu rufi da ƙasa duka, faɗin ai juyawa ce za ta kawo shi.

Yanzu maganar da ta fi ba mutane wahala. Ka miƙa yatsa gabanka ka rufe ido ɗaya sannan ka canza ido, za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abun da ke bayansa. Haka ke faruwa da kyamara in tana juyawa a kan gindinta, abun kusa yana gocewa daga abun nesa tsakanin hoto da hoto, ɗinki ya ƙi haɗuwa, ka ga ƙarfen taga ya karye biyu. Wurin da ya kamata ta juya a kai yana cikin lens ɗin ne, can wajen gaba. Masu kuɗi suna sayen kan sitan na fanorama, amma ko ɗan dogon faranti mai zamewa ya isa: ka tsayar da sitan ɗin filasha kusa da kai kamar mita ɗaya, ka sa shi ya yi layi da gefen wata ƙofa can nesa, ka juya kyamara hagu ka juya dama kana kallon allo, in sun rabu ka ɗan ja kyamarar baya a kan farantin ka sake gwadawa, har sai ka ga duk inda ka juya suna manne. Ka yi wa wurin alama, ba sai ka sake nema ba muddin lens ɗin da zum ɗin ba su canza ba. In ba ka da farantin, sai zaren nan: ka ɗaura shi a wajen gaban lens nauyin yana lilo a kan alamar alli a ƙasa, duk juyawar da za ka yi ka gyara ya dawo kan alamar. In ma wannan ya yi maka yawa, toh ka tabbatar babu wani abu kusa da kai ƙasa da mita uku zuwa huɗu, matsalar za ta ragu sosai.

Sai ka kulle komai, kuma komai nake nufi. Dayal a M. RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba, ba JPEG ba. ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, 100 ko 200, kar ka bar shi a oto. Ƙofar lens f/8 ko f/11 don kusa da nesa su fito garau. WB, wato saitin launin haske, ka cire shi daga oto ka sa 5500K ko alamar rana, don hasken filasha wajen nan yake. Fokas ka yi shi sau ɗaya a kan abun da ke tsaka-tsakin nisa, in duhu ya hana abokinka ya haska da tocila, daga nan ka mayar da lens ɗin MF, wato fokas na hannu, kar ka ƙara taɓa shi, wasu har salatif suke mannawa a zoben zum da na fokas. Kashe IS ko VR, wato na'urar hana girgiza ta lens, tunda kana kan sitan. Sa taima ta sakan 2 don hannunka kar ya girgiza ta.

Mataki na biyu: hasken wuri tukuna, filasha daga baya

Kashe tiriga. Juya kyamara wajen da ya fi ko'ina haske, taga ko ramin rufi, ka nemo shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, da za ta sa wurin ya fito ba tare da ya ƙone ba, sauran ɗakin ya yi duhu-duhu ba komai, filasha za ta ji da shi. Abu ɗaya kawai, shata kar ta wuce saurin da kyamararka ke iya tafiya tare da filasha, yawanci 1/200 na sakan ne wasu 1/250, in ka wuce za ka ga baƙin layi ya yanke hoton. Ƙasa da haka kuwa duk naka ne, 1/60, 1/15, har rabin sakan tunda kana kan sitan. Ka riƙe wannan da kyau: shata tana ƙara ko rage hasken wurin ne kawai, ba ruwanta da filasha, shi hasken filasha ƙarfinta da nisanta da ƙofar lens da ISO ne suke juya shi. Da ka gane wannan kana da linzami biyu a hannu, ka ga taga ta yi yawa ka ƙara saurin shata, ka ga bango ya yi duhu ka ƙara ƙarfin filasha, ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Mataki na uku: ina za a ajiye filasha

Nan ne aikin yake, nan ne kuma za ka ɓata lokaci, ka ɓata shi da daɗin rai. Fanorama tana ganin kusan ko'ina, don haka filasha sai ta ɓuya: bayan ginshiƙi, bayan tsohon inji, cikin wani ɗaki tana haskowa ta ƙofa, ko ma a waje tana shigowa ta taga kamar rana ce. Wannan na ƙarshen ina sonsa sosai, don in aka yi shi daidai babu wanda zai ce an sa filasha. In fanoramar rabin zagaye ce, digiri 180, kana iya ajiye ta bayanka can gefe inda kyamara ba za ta kai ba.

Kunna tiriga, ka cire filashar daga TTL, wato oton filasha, in tana da shi, ka sa M, don TTL yana canza ƙarfi a kowane hoto kuma shi ne abun da muke gudu. Fara da 1/4 na ƙarfinta, ka gwada, ka duba. A 1/4 tana saurin cika kuma hasken yana fitowa iri ɗaya, a 1/1 kuwa sai ka jira wasu sakanni kuma in ka yi gaggawar dannawa hoto ɗaya zai fito da rabin haske ya lalata layin gaba ɗaya. In 1/4 bai isa ba gara ka ɗaga ISO zuwa 400 da ka ƙure filashar. Ka kuma san cewa haske yana mutuwa da sauri: in ka ninka nisa, abun da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Shi yasa in ka matso da ita jikin bango sai kusa ya ƙone nesa ya yi baƙi, in kana son haske ya bazu daidai ka ja ta baya ka ƙara ƙarfi.

Sannan kusurwa. Hasken ya zo ta gefe yana shafar bango a kwance, shi ne zai fito da duk wata tsaga, fentin da ya ɓare, tsatsar ƙarfe, yanar gizo-gizo. A gidan ƙasa kuwa wallahi nan ne za ka ga abun mamaki, zanen dagi da magina suka yi a jikin bango wanda da ido ma da ƙyar kake ganinsa saboda ya goge, da ka harba masa haske ta gefe sai ya taso, har sawun yatsun mai yaɓe za ka gani. In soro ne mai ɗaurin guga, ka kwantar da filashar ƙasa a wani lungu ka ɗaga kanta sama a karkace, bakan nan da jerin azara za su fito ɗaya bayan ɗaya kowanne da inuwarsa. Irin wannan gini yana ƙarewa a cikin birni, duk shekara ana rushe wasu a sa bulo, kuma magina masu iya ɗaurin nan sun yi ƙaranci, don haka in ka samu shiga ɗaya ka ba rufin haƙƙinsa, kar ka tsaya a bango kawai. Kana iya kuma harba hasken a jikin bangon ƙasa ya dawo, zai ɗauko jan ƙasar ya yi ɗumi mai kyau, amma a kamfani mai koren fenti ko shuɗi kar ka yi haka, launin zai ɓata komai, can lema ta fi.

Ka lura kar kan filashar ya kalli lens kai tsaye a ko wane ɓangare na juyawar, in ya zama dole ka kare shi da baƙin kwali.

Mataki na huɗu: juyawa

Ɗauki hoton tafin hannunka don ka san nan saiti ya fara. Fara daga hagu, ka wuce inda kake so hoton ya fara da ɗan kaɗan. Danna, jira filasha ta cika, juya dama yadda kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton baya zai sake shigowa a sabon, ɗaure kan sitan, danna. Da 18mm a irin kyamarar da ke zuwa da lens ɗin 18-55, a tsaye, kowane hoto yana cin kamar digiri 45, don haka juyawar digiri 30 ta yi daidai, hoto 12 kenan zagaye cikakke, 6 ko 7 rabin zagaye. In sitan ɗinka yana da lambobi a gindi ka bi su. Inda bango yake fili ba komai a jiki ka ƙara yawan shigar, rabi ma ba laifi, don manhaja tana buƙatar abun da za ta kama. Abokan tafiyarka su tsaya bayanka suna juyawa tare da kai, kar wanda ya gifta gaban filasha. Ka gama, hoton hannu kuma, sannan ka duba su ɗaya-ɗaya ka tabbatar filasha ta tashi a kowanne, ka sake zagaye na biyu ko da na farko ya yi kyau. Ka yi kuma zagaye ɗaya babu filasha sam, zai yi maka amfani wajen gyara.

In wurin babba ne kamar zauren masaƙa kuma filasharka ɗaya ce, ga yadda ake yi. Ka zaɓi wuri uku ka yi musu alama da alli a ƙasa, har da kibiyar inda kan filasha zai kalla, tsayin sitan kuma kar a taɓa shi. A kowace kusurwa kyamara ba ta motsi sai abokinka ya kai filashar alama ta ɗaya ka danna, ta biyu ka danna, ta uku ka danna, sannan ka juya a sake daga farko. Yana cin lokaci kuma rana tana tafiya, don haka ku yi shi da nutsuwa amma ba hira.

Mataki na biyar: ɗinki

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka gyara hoto ɗaya, ka kunna gyaran lens, ka kwafa saitin a kan sauran duka don su zama iri ɗaya, ka zaɓe su ka danna Ctrl da M. Zai baka zaɓi uku, ga gini mai faɗi Cylindrical ya fi don yana barin ginshiƙai a tsaye, Perspective yana kyau ne kawai in faɗin bai yi yawa ba, in ya yi yawa sai ya ja gefe-gefen ya miƙe su. Boundary Warp kar ka ja shi da yawa, yana lanƙwasa layin gini, gara ka yanke. In Lightroom ya ƙi haɗawa, Hugin kyauta ne kuma yana barinka ka nuna masa da hannu cewa wannan ƙusar ta hoto na uku ita ce wannan ta hoto na huɗu, PTGui ma haka amma shi na kuɗi ne.

In ka yi dabarar alama uku, kafin ɗinki sai ka haɗa ukun kowace kusurwa a Photoshop, ka jera su leya-leya ka sa na sama a Lighten, hasken ukun zai taru a hoto ɗaya, inda abokinka ko sitan ya fito ka goge da mask tunda a sauran leyoyin wurin fili ne. Ƙarfin da ka ba kowace leya a kusurwa ta farko shi za ka ba ta a duk sauran. Ka fitar da su TIFF sannan ka ɗinke. Fayil ɗin zai yi nauyi, hoto 7 na megafiksel 24 in an ɗinke yana iya kaiwa kusan megafiksel 100, ka rufe sauran manhajoji kuma laftof ta kasance da caji kafin ka fara.

Wajen gyaran ƙarshe ka bar duhu ya zama duhu, kar ka ɗaga inuwa duka har wurin ya koma kamar ofis. Zum sosai ka bi layin ɗinkin kana duba wayoyi da ƙarafan rufi, nan ne karaya take ɓuya. In za ka ɗora a Instagram ka yanka shi gida uku ko huɗu daidai wa daida yadda mai kallo zai dinga ja yana bin ɗakin, a Facebook kuma ka rage shi zuwa faɗin 2048 da kanka kafin su matse maka shi. Kar ka rubuta ainihin inda wurin yake in masu shi ba su yarda ba, akwai masu bin irin wuraren nan suna cire rodi da ƙofofi da wayar wuta, kuma ka wanke kwafi ɗaya babba ka kai wa masu gidan ko maigadin da ya buɗe maka ƙofa.